Darasina a Bakin 'Yar Kawuna

Zuwa ga Goggo Umma,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa mini kafin watan nan ya ƙare. Akwai wani abu da na ƙudura zan yi, na san ba mai kyau ba ne, amma yadda yake yi mini daɗi a zuciya shi ne ya fara ba ni tsoro. Ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, domin gidan ne matsalar. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Jalingo ce, a ɗaki Fulatanci muke yi.

Ni budurwa ce, a unguwar Barade nake zaune. Bara na gama kwalejin horon malamai, fannin kimiyya. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, tun daga lokacin ni da mahaifiyata, wadda muke kira Dada, muke zaune a wani sashe na gidan yayanta, Kawu Goni. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Da yawa daga cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Yola bayan an ba mu jiha ta hannunsa suka bi, har yau idan sun gan shi sai sun cire hula ko sun rusuna. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni makaranta lokacin da dangin babana suka ce boko ba na 'ya mace ba ne. Na faɗi wannan tun yanzu don kada ki ce na manta. Ko ina so in manta ba za a bar ni ba, safe da yamma ana tuna mini.

Da aka yi sanarwar za a ɗauki sababbin malamai, na rubuta takardar neman aiki, aka kira ni intabiyu. Ba tambayoyi kaɗai ake yi ba. Sai ka tsaya gaban kwamiti ka koyar da ɗan gajeren darasi da Turanci, su zama kamar ɗalibanka, kuma ana so ka zo da kayan koyarwa na hannu. Kawu yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita. Duk lokacin da za a yi irin wannan ɗaukar aiki, bayan la'asar sai ya jera benci a zaurensa, shi da abokansa tsofaffin malamai su zauna su zama kwamiti, 'ya'yan unguwa su zo su yi gwaji a gabansu. Yana da tsawa, yana kwaikwayon muryar mutum idan ya yi kuskure har sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma mutane suna cewa wanda ya wuce zauren Goni babu kwamitin da zai razana shi. Ɗan gida kuwa ba ya da zaɓi. Idan ka ɓoye darasinka, an ce ka raina babba.

Darasina a kan zaizayar ƙasa na shirya shi. Akwai wani kwari a bayan unguwarmu da yake cin hanya duk damina, a wurin na sami dabarar. Na samo tire biyu na cika su da ƙasar wurin. Ɗaya na bar shi tsirara, ɗayan na dasa masa ciyawar ƙiri-ƙiri, na yi ta ba ta ruwa makonni har saiwarta ta kama ƙasar sosai. Na huda gindin gwangwanin madara da ƙusa ya zama ruwan sama. Idan ka jingine tiren ka zuba ruwa, na ciyawa ruwansa yana sauka a kwalba kusan garau, na tsirara kuwa jar laka yake zubarwa. Kuma da tambaya nake farawa, in ce wa a cikinku laka ta taɓa cinye wa takalmi a bakin kwari, in ɗan tsaya a yi dariya, sannan in shiga magana. Goggo, ban taɓa yin wani abu da na so kamar darasin nan ba.

Ranar da na gwada shi a zaure, abokan Kawu sun tafa. Shi kuwa sai ya ce in sake. Washegari ma ya ce in sake, haka jibi. Kullum kuma sai ya kira 'yarsa Mahbuba ta zauna a gaba, wai ta ga yadda ake tsayuwa. Mahbuba tare muka yi kwaleji, fanni ɗaya, ita ma an kira ta intabiyun. Da ƙyar ta fita da satifiket, ba sharri nake yi mata ba. Darasinta zanen fure ne a allo, kuma tana kaiwa tsakiya take mantawa ta tsaya tana cizon yatsa. Ni sakarya ina ta maimaitawa ina jin daɗi, ina cewa Kawu yana goge ni.

Ana gobe intabiyu ya ce tiren suna da nauyi, kada ƙasar ta zube a hanya, in bar su a zaure zai kai mini a tsohuwar fijonsa. Da safe aka shimfiɗa su a kujerar baya, Mahbuba ta shiga gaba, aka ce babu wurina, in taka da ƙafa ai ba nisa. Yadda aka iso ake kiran mutane. Ina isa na tarar an riga an kira ta.

Ina tsaye a baranda cikin layi na ji tambayata tana fitowa ta taga da muryar Mahbuba. Wa laka ta taɓa cinye wa takalmi. Ta tsaya daidai inda nake tsayawa, aka yi dariya daidai inda ake yi mini. Na ji ƙarar ruwa yana sauka a tire. Na ji ta faɗi kalmomina ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan tari da nake yi kafin in ɗaga kwalba. Aka tafa mata. Ƙawata Godiya, wadda muka yi ɗaki ɗaya a kwaleji, tana bayana a layin, ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga fatata.

Kawu da kansa ya shiga ya kwaso tiren ya ɗora mini a hannu, jiƙe sharkaf, laka tana ɗiga a farin mayafina. Ya dube ni babu ko ƙiftawa ya ce, “Ke mai ƙwaƙwalwa ce, ki yi dabara.” Sannan ya ja kujera ya zauna a barandar, daidai bakin taga.

Na san za ki ce me ya hana in koyar da wani abu dabam. Babu wani abu dabam a kaina. Da aka kira ni na shiga da tiren haka nan, ƙasar na tsirara ta riga ta wanke, kwalaben duk laka. Ban gama jimlar farko ba ciyaman ɗin kwamitin ya ɗaga hannu. Ya ce yanzun nan suka ga darasin nan, da tiren nan, daga bakin wata. Ya tambaye ni na wane ne a cikinmu. Ina ganin hular Kawu ta taga. Goggo, ke kin san fulako. An raine ni ko sunansa ba na kamawa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, idan yana magana ƙasa nake kallo. Ta yaya zan buɗe baki a gaban baƙi in ce yayan uwata ya yi mini sata, yana zaune yana ji? Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ciyaman ya jira, ya sake tambaya, na sake yin shiru. Sai ya ce malamar da take satar darasi yaran da za su saci jarrabawa za ta yaye, ya ce in tafi. Wata mata a cikin kwamitin ta ce in goge lakar da na ɗiga musu kafin in fita. Na durƙusa na goge da gefen mayafina, suna kallo, na baya a layi suna leƙe.

Mahbuba ta sami aiki, an tura ta garin Mutum Biyu. Ni ko kallona Kawu bai yi ba a kan maganar. Ta bakin Dada ya aiko, wai gida ɗaya ne, duk wadda ta samu mu muka samu, wai Mahbuba ba za ta iya ba sai an tallafe ta, ni kuwa ko yaushe zan iya ƙirƙiro wani. Dada ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce in yi haƙuri, idan muka ɓata da shi ina za mu je.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Sai aka yi walimar samun aikin, ni na yi wanke-wanke, ni na raba abinci. Da aka ci aka ƙoshi, Kawu ya shigo tsakar gida inda mata suke, ya ɗauki faifai biyu, ya tsaya ya karkace wuya ya buɗe baki, wai haka na yi a gaban kwamiti. Ya ce ga mai takarda mai kyau ta daskare, ga wadda ake rainawa ta kawo aiki gida. Bai ce komai a kan tiren ba. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na juya na ga Dada ta rufe baki da gefen zane, ita ma tana dariya. Wannan ya fi lakar da na goge ciwo. Da Mahbuba za ta tafi, ta ce idan na samu lokaci in zo Mutum Biyu in zauna a bayan aji in ga yadda ake koyarwa. Tiren nawa yanzu kaji ake zuba wa dusa a ciki. A unguwa kuma sunana ya koma Mai Tire.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba ranar, Nasiruddeen, wan Mahbuba. Ya tashi ya fita. Washegari na tarar da kwalabena an wanke su an ajiye a ƙofar ɗakinmu, na san shi ne. Shi ciwo ya jinkirta masa karatu, sai bana ya gama kwaleji. Mutum ne mai sanyi, idan ya tsaya gaban jama'a hannunsa rawa yake yi, kuma tun yana yaro Kawu yake kiransa rago.

Yanzu an sake yin sanarwa, za a ƙara ɗaukar malamai a ƙarshen wata. An kira ni, an kira Nasiruddeen. Kawu ya aiko Dada ta ce mini in shirya sabon darasi in kawo zaure. Ya ƙara da cewa ciyaman ɗin ɗalibinsa ne, kuma ciyaman ɗin bai manta fuskata ba, kalma ɗaya daga bakin Kawu za ta iya wanke ni, kalma ɗaya kuma za ta iya gamawa da ni. Ba sai an fassara mini ba. Abin da aka yi wa Mahbuba ake so a yi wa Nasiruddeen, da darasina.

Ga abin da na shirya. Akwai wani gwaji da yara suke so. Ka cika kofin gilashi da ruwa, ka rufe bakinsa da kwali, ka kifa shi, ka janye hannu, ruwan ba zai zube ba domin iska ta tokare kwalin. Ina da kofi biyu iri ɗaya. Ɗaya bakinsa ya ɗan ɓantare, ba ka gani sai ka shafa da yatsa. A zaure zan yi da mai kyau, kuma zan tsara darasin yadda malami zai kifa kofin a saman teburin kwamiti, wai don ya nuna ya yarda da iliminsa. Idan Kawu ya ce in bar kayan, sai in bar ɓantararren. Na gwada shi a bayan ɗaki ba sau ɗaya ba. Ruwan yana tsayawa na ƙiftawar ido, daidai yadda mutum zai fara murmushi, sannan ya zube gaba ɗaya. Ina hango shi a kan takardun ciyaman, ina hango Nasiruddeen tsaye da kofi babu komai, Kawu yana bakin taga yana ji. Duk sanda na gwada sai na yi dariya har hawaye.

Godiya ta ce na haukace. Ta ce in je wurin ciyaman in faɗa masa gaskiya, ita za ta yi shaida domin ta sha ganina ina ba ciyawar nan ruwa. Amma Godiya babanta yana zama ya saurare ta, kuma ba uwarta ce take kwana a gidan wani ba.

To Goggo, ki faɗa mini. In yi, ko kada in yi? Idan ban yi ba, haka Kawu zai ci bulus ke nan? Idan na ƙi zuwa zaure, me zai faru da Dada? Kuma da wane ido zan shiga gaban mutumin da yake ganina ɓarauniya? Har yau ban shirya nawa darasin ba. Duk sanda na buɗe littafi, kofin nan nake gani.

Taki,
Mai Tire, Barade, Jalingo.

Amsar Goggo Umma

'Yata,

Ba zan kira ki da sunan da suka laƙa miki ba, ke ma ki daina sa hannu da shi.

Bari in fara da abin da babu wanda ya faɗa miki a gidanku. Abin da kawunki ya yi zalunci ne. Ba tallafi ba ne, ba zumunci ba ne. Ya ɗauki guminki ya ba 'yarsa, ya bar ki da sunan sata, sannan ya mayar da kunyarki abin nishaɗin baƙi. Alherin da ya yi miki kuma gaskiya ne, kuma babba ne, domin ba kowane namiji ne zai ja da dangin uba a kan karatun 'yar ƙanwarsa ba. Na kuma fahimci tsoron uban da yake ganin 'ya'yansa ba za su iya tsayawa da ƙafarsu ba. Amma wanda ya kai yarinya makaranta bai saye kanta ba. Ki ci gaba da gaishe shi, ki ci gaba da gode masa a kan na farko, kada kuma ki yarda a ce miki na biyun ba laifi ba ne.

Ke ma kina da naki kason, ko da yake ba na mugunta ba ne. Kin shiga intabiyu da darasi ɗaya tak, kin kuma bar kayanki suka kwana a hannun wani. Sannan kin yi shiru a inda shiru yake nufin amsa laifi. Na san fulako, a cikinsa aka raine ni, kuma ado ne. Amma ba a yi shi don mutum ya karɓi ƙarya ya ɗora wa kansa ba. Kin ɗauka hanya biyu ce kawai a gabanki, ko ki tona kawunki ko ki haɗiye harshe. Akwai ta uku. Da kin ce ke kika shirya darasin, su tambaye ki duk abin da suke so a kansa, wace ciyawa ce, don me aka jingine tire, me za a yi wa kwarin da ya riga ya yi zurfi, da ba ki kama sunan kowa ba, kuma da sun gane da kansu. Ciyaman ya yi gaggawa, matar nan kuma ta yi rashin mutunci, amma abin da kika nuna musu da shi suka yi hukunci.

Yanzu maganar kofi. Ki fasa shi yau, ki binne gilasan inda ƙafar kowa ba za ta taka ba. Ki tsaya ki duba wa ruwan zai jiƙa. Kawunki yana baranda a bushe. Wanda zai tsaya yana rawar hannu a gaban kwamiti shi ne mutum ɗaya da ya tashi ya fita lokacin da ake yi miki dariya. Kin zaɓe shi ne domin shi ne mai rauni, kuma wannan shi ne ainihin lissafin da kawunki ya yi a kanki. Kada ki zaci kawun naki zai ji kunya. Kafin magariba ya sami sabon abin kwaikwayo a tsakar gida, wannan karon ɗansa, kuma ranar da aka shafa bakin kofin aka gane, kin ba shi shaidar da ba ya da ita a da, cewa ke muguwa ce. Aikin da kike nema ma ki tuna da shi. Za a ba ki aji cike da yara masu rawar hannu. Wadda ta iya amfani da iliminta ta kunyata mai rauni ta yi dariya har hawaye, ni ba zan so a ba ta jikana ba. Na faɗa miki da zafi ne domin na san ba halinki ba ne, da halinki ne da ba ki rubuto ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata. Ki fara da Dada. Ki zauna da ita ki faɗa mata ba za ki kai darasinki zaure ba, tun kafin ki faɗa wa kowa, domin rufin da ke kanta ne kike sakawa cikin haɗari, ba daidai ba ne ki yi ba da saninta ba. Ku yi tunanin wani ɗan'uwa da za ku iya raɓawa idan abin ya ɓaci. Ban zaci zai kai can ba. Mutumin da yake ji da sunansa a gari ba zai so a fara tambayar me ya sa ya kori ƙanwarsa marar miji ba. Amma zato nake yi, ba rantsuwa ba. Dariyar da ta yi kuma ki yafe mata. Macen da take zaune a gidan wani idan mai gida ya yi dariya takan yi, ko cikinta yana ƙuna.

Bayan haka ku je wurin kawunki tare, da rana. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda kika saba. Ki ce za ki zauna da Nasiruddeen ku gina masa darasi nasa na kansa, daga abin da ya fi sani, har ya iya shi, amma naki wannan karon za ki riƙe shi. Kada ki kawo dalili, kada ki tayar da maganar baya. Zai yi faɗa, ki bar shi ya gama, ki sake gaishe shi ki tashi. Kuma ki cika alkawarin. Ki taimaki Nasiruddeen da gaske, ki sa shi ya yi ta tsayawa yana magana a gabanki har hannun ya rage rawa. Wannan ya fi masa amfani a kan darasin aro, kuma zai hana a ce kin ƙi jininki.

Naki shirin ki kai shi unguwar su Godiya. Ku tara yara na gaske, ba tsofaffi masu wasan yara ba, ki koyar da su, ita ta zauna a baya ta faɗa miki inda kika yi sauri da inda muryarki ta faɗi. Ki shirya darasi biyu, ɗaya da kayan da za su shiga jakarki, ɗaya kuma wanda ba ya buƙatar komai sai alli da allo, don ko me ya faru kina da abin faɗa. Ki rubuta tsarin kowanne da hannunki ki tafi da shi. Ki duba manhajar ajin da kike nema. Ki tanadi amsar abin da ba sa rasa tambaya: me ya sa kike son koyarwa, za ki yarda a tura ki ƙauye, yaya za ki yi da aji mai yawa babu kayan gwaji. Ki saba da kallon wanda ya yi miki tambaya, domin a ɗakin nan sunkuyar da kai ba ladabi ake ɗaukarsa ba. Ranar kuma ki riga kowa isa, da ƙafarki, takardunki na asali da kayanki a jikinki.

Game da ciyaman, kada ki je gidansa ko ofishinsa kafin ranar, zai zama kamar kamun ƙafa. Idan ya tayar da maganar, ki dube shi ki ce darasin naki ne, kunya ce ta hana ki magana, kuma a shirye kike a tambaye ki komai a kansa. Ki tsaya a nan. Idan ya nemi shaida, ga Godiya. Idan bai tayar ba, ki koyar kawai. Barazanar kalma ɗaya kuma kada ta hana ki barci. Jiharku sabuwa ce, malaman kimiyya ba su ishe ta ba, kuma mai iya koyarwa ba ya ɓoyuwa. Ba zan yi miki alkawarin za ki samu ba. Idan ba a dace ba, akwai makarantun mishan da na al'umma, akwai wasu garuruwan, ki buga ko'ina.

Abu na ƙarshe shi ne mafi ɗaci. Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, kuma ina ganin ba jiƙa Nasiruddeen kike so ba. So kike kawunki ya dube ki sau ɗaya ya ce ya zalunce ki. Ba zai ce ba, 'yata. Ko ruwa ya zube ko bai zube ba, ko kin sami aiki ko ba ki samu ba, ba zai ce ba. Wataƙila ma ranar da aka ɗauke ki ya gaya wa mutane horonsa ne. Ki daina jiransa, ki tashi ki buɗe littafinki, watan ya yi nisa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗe bakinki a gaban kwamiti, ya ba ki aji naki na kanki. Ki gaishe mini da Dada.

Goggo Umma